Yadda Ɗakin Karatu na Jama'a Zai Yi Aiki da Kafafen Sada Zumunta da Intanet

Akwai abin da na sha gani a aikinmu, kuma duk sanda na gan shi sai raina ya sosu. Ɗakin karatu zai buɗe shafi a Facebook, a sa hoton gini, a sa hotunan taron ranar buɗewa, sai kuma tsit. Bayan wata takwas ka leƙa, ka tarar wata ɗaliba ta rubuta a ƙarƙashin hoton: "Don Allah kuna buɗewa ranar Asabar?" Ba wanda ya tanka mata. Da a ce yarinyar nan ta tako da ƙafarta ta tsaya gaban tebur ta yi wannan tambayar, babu ma'aikacin da zai kau da kai ya bar ta tsaye. To shafin nan ma tebur ne. Duk wanda ya rubuto a cikinsa ya shigo ɗakin karatu ke nan, ko da yana kwance a ɗakinsa. A kan wannan na gina abin da zan faɗa. Idan ba ku da wanda zai zauna a teburin, gara ku dakata da buɗe shi.

Jagorar ta ma'aikatan laburaren jama'a ce, musamman ƙananan da ma'aikatansu ba su wuce biyu ko uku ba, waɗanda ba su da sashen yaɗa labarai kuma ba su da masanin kwamfuta. Waya ɗaya mai kyamara da mutum ɗaya mai kula sun isa a fara.

Mataki na farko: ku fara da saurare

Kafin ku buɗe komai, ku ajiye littafin rubutu a kan tebur na mako biyu. Duk tambayar da aka yi muku, ku rubuta ta yadda aka faɗe ta. A ƙarshe za ku ga tambayoyi kaɗan ne ke ta dawowa: yaushe ake buɗewa, yaya ake yin katin aro, littafi nawa ake iya ara, akwai wurin cajin waya, akwai tsofaffin takardun jarrabawa, ana barin yara su shigo su kaɗai. Waɗannan su ne abin da za ku fara wallafawa, ba tarihin kafuwar laburare ba.

A cikin makonnin nan kuma ku riƙa tambayar masu zuwa wace manhaja suke buɗewa kullum a wayarsu. Kada ku yi zato. Ma'aikaci yakan ɗauka inda yake yini nan kowa yake, alhali ɗalibai na can wani wuri, iyaye na wani wurin daban. Kuna iya yin gajeriyar takardar tambayoyi a Google Forms, amma ku buga ta a takarda ma, domin wanda ba shi da data ba zai cike ta intanet ba, kuma ra'ayinsa ne kuka fi bukata. Ku fita ku tambayi waɗanda ba sa zuwa: malaman makarantun da ke kusa, masu sana'a, matan da ba sa samun sukunin fita. Amsar da za su ba ku ita za ta zaɓa muku kafa.

Mataki na biyu: ku bayyana a taswira

Wannan aikin rabin yini ne, amma ya fi wallafe-wallafen wata guda amfani. Mutum idan yana neman laburare, yakan rubuta kalmar ne a Google, ya duba abin da taswira ta nuna masa. Ku yi rajistar wurinku a Google Business Profile, kyauta ne. Ku sa cikakken suna, adireshi, lambar waya, ranaku da lokutan aiki, da hoton ƙofar shiga yadda mai zuwa daga titi zai gan ta. Google zai nemi ku tabbatar cewa wurin naku ne, sai ku bi hanyar da ya ba ku. Daga nan duk ranar da za ku rufe saboda hutu ko gyara, ku canza lokacin a can tun kafin ranar. Wanda ya yi tattaki ya tarar da ƙofa a kulle, bayan waya ta ce masa a buɗe take, da wuya ya ƙara gwadawa.

Mataki na uku: kafa ɗaya ko biyu, ba biyar ba

An ce taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Ku ɗauki kafar da mutanenku suka fi yawa, ku riƙe ta da kyau na wata shida kafin ku ƙara wata.

Idan Facebook ne, ku buɗe shafi na hukuma, ba asusu irin na mutum ɗaya da aka laƙaba wa sunan laburare ba. Shafi yana barin mutane da dama su kula da shi, yana nuna muku alƙaluman masu gani, yana ba ku damar tsara sanarwar taro, kuma ta Meta Business Suite kuna iya shirya wallafe-wallafen mako guda a zama ɗaya, ku sa musu rana da lokacin fita.

WhatsApp kuwa sai na ɗan tsaya a kansa, don a nan aka fi yin kuskure. Ku sauke WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018. A ciki za ku rubuta adireshi da lokutan aiki, ku shirya saƙon maraba, da saƙon da zai fita da kansa idan an rubuto bayan an tashi aiki, da gajerun amsoshin da kuka tanada don tambayoyin nan na littafin rubutu. Hanyoyin isar da sanarwa a ciki sun bambanta, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Zaure, wato group, yana ɗaukar mutum har 1024, amma kowa yana ganin lambar kowa, kuma in ba a tsare shi ba kafin mako ya zagayo ya cika da tallace-tallace da saƙonnin da ba su da alaƙa da karatu. Jerin aikawa ga mutane da yawa lokaci guda yana ɗaukar 256, kowa yana karɓar saƙon shi kaɗai, sai dai ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarku a wayarsa ba. Tasha, wato channel, wadda aka ƙaro a 2023, hanya ɗaya ce: ku ne ke magana, masu bi ba sa ganin lambobin juna. Don sanarwa, tasha ta fi. Zaure ku bar shi ga ƙaramar ƙungiya mai manufa, kamar masu karanta littafi ɗaya tare su tattauna, waɗanda kowannensu ya shiga da yardarsa.

Telegram yana da amfani idan kuna raba manyan fayiloli da kuke da izinin rabawa, domin yana ɗaukar fayil har gigabait 2. YouTube wurin ajiye bidiyon koyarwa ne da za a riƙa komawa gare shi. Instagram da TikTok na matasa ne da hoto da gajeren bidiyo, kuma suna cin lokaci sosai. In babu ma'aikacin da ke jin daɗinsu da kansa, ku bar su.

Mataki na huɗu: shafin na wa ne?

Na san laburaren da wani matashi mai aikin sa-kai ya buɗe wa shafi da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Yaron kirki ne, ya yi aiki tuƙuru, shafin ya tara mabiya. Da ya samu aiki a wani wuri ya tafi, layin ya ɓace, shafin ya tafi da shi. Har yanzu yana nan a intanet da tsofaffin lokutan buɗewa, yana ɓatar da mutane, ba mai iya gyara ko harafi ɗaya.

Saboda haka tun ranar farko ku buɗe imel da sunan laburare, ku sami layin waya na laburare, kuma da su za a yi rajistar komai. A ba mutum biyu aƙalla cikakken ikon kula da kowane shafi, ɗayansu ma'aikaci na dindindin. Ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu a ko'ina, wato a riƙa neman wata lamba bayan kalmar sirri kafin a shiga. Kalmar sirri ta zama doguwa, kowane asusu da tasa, a rubuta su da lambobin ceto, waɗanda ake dawo da asusu da su in an rasa hanyar shiga, a ajiye a wurin da ake kullewa. Duk ranar da wani ya bar aiki, a cire shi a ranar, a sauya kalmomin. Kuma ku ja kunnen kowa: babu wanda zai tura wa wani lambobin da suka shigo waya ta saƙo, ko da mai neman ya ce daga kamfanin yake. Da wannan dabarar ake ƙwace yawancin asusun WhatsApp. Haka saƙon da ke cewa za a rufe shafinku in ba ku latsa wani adireshi ba, tarko ne.

Kada ku ce wa zai damu da ɗan ƙaramin laburare. A watan Oktoba na 2023 masu kutse sun afka wa Laburaren Birtaniya da ke Landan, suka kulle na'urorinsa suna neman kuɗin fansa, suka saci bayanai, kuma ya ɗauki watanni kafin kundin littattafansa ya dawo intanet. In haka ta sami wanda ke da ƙwararru, mu sai mu ƙara ɗamara.

Sai kuma takarda guda, shafi ɗaya tak, wadda shugaba zai sa wa hannu. Ta faɗi wa ke wallafawa, wa ke amsa saƙo da kuma cikin awa nawa, me ba a wallafawa, wane irin tsokaci ake gogewa, kuma wa za a kira idan magana ta yi zafi. Ranar da rigima ta tashi, wannan takardar ce za ta kare ƙaramin ma'aikaci.

Mataki na biyar: me za a wallafa?

Sau uku a mako ba fashi ya fi sau goma a mako ɗaya sannan a ɓace wata biyu. Ku zauna ranar farkon mako ku tsara abin da zai fita, ku haɗa shi da kalandar mutanenku: lokacin jarrabawa, hutun makaranta, lokacin cike takardun neman gurbin karatu.

Abin da ya fi jan mutane shi ne abin da ke cikin ɗakin da kansa. Sababbin littattafai sun iso, ku jera su kusa da taga inda haske yake, ku ɗauki hoto, ku rubuta layi biyu kan wanda kowane littafi zai amfana. Ma'aikaci ya ɗauko littafin da yake so ya yi maganar minti ɗaya a kansa da bakinsa, ba da harshen takardar ofis ba. Ku ɗauki bidiyon yadda ake yin katin aro daga ƙofa har tebur, domin mutane da yawa kunya ce ke hana su shigowa, ba su san me za a tambaye su ba, suna tsoron a ce wurin na masu digiri ne. Idan suka ga fuskar wanda zai tarbe su da kujerar da za su zauna, rabin fargabar ta tafi.

Kowace sanarwar taro ta amsa abu huɗu a layukan farko: mene ne, yaushe, a ina, don wa. Kada ku bar bayanin cikin hoto kawai. Ku maimaita shi a rubuce, saboda makaho da ke amfani da manhajar karanta allo, irin TalkBack a Android ko VoiceOver a iPhone, ba abin da zai ji daga rubutun da aka zana cikin hoto sai in kun cike gurbin bayanin hoton. Bidiyo kuma ku sa masa rubutun abin da ake faɗa don kurame. Ga wanda bai iya karatu sosai ba, saƙon murya na daƙiƙa arba'in ya fi doguwar takarda. Ku yi magana da harshen da mutanen ke yi a gida. Ku rage nauyin hoto da tsawon bidiyo, don datar da za a kashe wajen buɗewa ta mai karatu ce, ba taku ba. Sanarwar IFLA, haɗaɗɗiyar ƙungiyar laburarori ta duniya, da UNESCO kan laburaren jama'a, wadda aka sabunta a 2022, ta tsaya kan cewa hidimar ta kowa ce daidai wa daida, kuma wannan bai tsaya a bakin ƙofar gini ba.

Abu ɗaya da ya kamata ku sani don kada gwiwarku ta yi sanyi: ba duk mai bin shafi ne ke ganin abin da kuka sa ba. A Janairun 2018 Facebook ya sanar da cewa zai fifita abin da 'yan uwa da abokai suka wallafa a kan na shafuka. Don haka ku nemi mutane su yaɗa da hannunsu. Malami ɗaya da ya tura sanarwarku zauren iyayen ɗalibansa ya fi mabiya ɗari da ba sa gani.

Siyasa da ra'ayin ma'aikaci na kansa ba su da wuri a shafin. Laburare na mai goyon baya ne da mai adawa.

Mataki na shida: amsa tambaya

Nan ne zuciyar aikin. Ku yanke lokacin da za ku iya cikawa, misali duk saƙo za a amsa shi cikin yinin aiki ɗaya, ku rubuta haka a shafin, ku kuma cika. A ware lokaci biyu a rana, safe da yamma, wanda mai kula zai zauna ya duba saƙonni, a lissafa shi cikin aikinsa. Ba daidai ba ne a ɗora wa ma'aikaci wayar laburare ya tafi da ita gida yana amsa saƙo da tsakar dare.

Tambayar farko da mutum ke yi sau da yawa ba ita ce bukatarsa ba. Wani zai rubuto, "Kuna da littattafan kiwon kaji?" In kuka ce "E" kuka yi shiru, kun amsa amma ba ku taimaka ba. Ku tambaye shi cikin ladabi: zai fara kiwon ne, ko kajinsa ne ba su da lafiya, ko aikin makaranta aka ba shi? Amsoshin uku littattafai uku ne daban. Wannan ita ce tattaunawar da muke yi a tebur tun fil azal, waya ba ta canza ta ba, sai dai a waya ba kwa ganin fuska, don haka sai an ƙara haƙuri da taushin lafazi. Idan kun gano abin, ku ba shi sunan littafin, da inda yake a kanta, ku ce za ku ajiye masa zuwa rana kaza. In ba ku da shi, kada ku tsaya a "babu". Ku faɗa masa inda zai samu, ko ku tura masa wata majiya amintacciya. Sannan ku rufe da tambayar ko abin ya biya bukata.

Akwai iyaka. Wanda ya tambayi maganin da zai sha ko yadda shari'arsa za ta kaya, ku nuna masa inda bayani yake, ku ce ya ga likita ko lauya. Mu masu nuna hanya ne, ba masu yanke hukunci ba.

Za a yi ƙorafi a bainar jama'a, wani lokaci da zafi. Kada ku goge ƙorafi don ya yi muku ɗaci. Wanda ya ce an yi masa tsawa a tebur ko banɗaki ba shi da tsabta, ku gode masa a fili, ku ba da haƙuri, ku nemi ya ba ku cikakken bayani ta saƙon sirri, sannan ku gyara. Masu kallo sun fi lura da yadda kuka amsa fiye da abin da aka faɗa. Abin gogewa shi ne zagi, da barazana, da batsa, da talla, da fallasa bayanan wani. Kafin gogewa ku ɗauki hoton allon ku ajiye. Kuma kada wanda ransa ke ɓace ya amsa a lokacin, ya miƙa wa abokin aikinsa.

Mataki na bakwai: sirrin mai karatu

Abin da mutum ke karantawa amana ce a hannunmu. Ƙa'idojin ɗa'ar aiki da IFLA ta amince da su a 2012 sun ce alaƙar laburare da mai amfani da shi ta sirri ce. Macen da ta ari littafi kan rashin haihuwa, saurayin da ya nemi bayani kan shaye-shaye, magidancin da ke koyon karatu a ɓoye bayan ya manyanta, duk sun zo ne don sun yarda ba za mu tona su ba. Kafafen sada zumunta kuwa an gina su ne don yaɗawa. Sai an yi da gangan kafin a kare amanar.

Kada ku taɓa wallafa sunayen waɗanda ba su dawo da littafi ba, ko a shafi ko a zaure. Na ga an yi, an ce wai don su ji kunya su kawo. Littafin yana iya dawowa, mutumin ba zai dawo ba, haka duk wanda ya ga abin da aka yi masa. Tunatarwa ta tafi ga mutum shi kaɗai. Kada ku ɗauki hoton mai karatu ba da saninsa ba, balle a ga bangon littafin da ke hannunsa. Hoton yara sai da rubutaccen izinin iyaye, kuma ko da izini kada a haɗa fuska da cikakken suna da makaranta. Sau da yawa hoton hannaye a kan littafi, ko wanda aka ɗauka daga baya, ya wadatar. Yawancin kafafen nan ba su yarda yaro ƙasa da shekara 13 ya buɗe asusu ba, don haka sanarwar shirin yara iyaye za a nufa da ita.

Lambar wayar da mutum ya bayar don katin aro ba izinin jefa shi cikin zaure ba ce. Ku tambaye shi daban, ku kuma nuna masa yadda zai fita in ya so. Kada ku karɓi hoton katin shaida ta saƙo in ba dole, in kun karɓa ku goge da zarar an gama. Ƙasashe da yawa yanzu suna da dokar kare bayanan mutane, ku nemi ta ƙasarku ku karanta abin da ta ɗora muku. Kwamfutocin da jama'a ke amfani da su a ɗakin kuma, a saita su yadda ba sa riƙe kalmar sirri ko tarihin bincike, a liƙa takarda mai tunatar da kowa ya fita daga asusunsa kafin ya tashi.

Mataki na takwas: littattafan intanet da haƙƙin mallaka

Da zarar kun buɗe zaure, wani zai turo littafin da aka kwafe a matsayin PDF, wasu su roƙi ƙari. Niyyar taimako ce, amma laburare ba zai zama mai raba kayan da ba nasa ba. Yarjejeniyar Berne, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan haƙƙin mallaka, ta sa haƙƙin marubuci ya ci gaba aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa, ƙasashe da dama sun kai shi 70. Mallakar kwafin littafi a kanta ba ta ba ku ikon ɗaukar hotonsa duka ku raba ba. Ko Internet Archive, laburaren intanet, da girmansa, kamfanonin ɗab'i huɗu sun maka shi kotu a Amurka a 2020 kan ba da aron littattafan da ya kwafa, ya sha kaye a 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2024. Karanta littafin wani gaba ɗaya a bidiyo ma yana bukatar izini.

Abin farin ciki, abin da aka halatta yana da yawa. Project Gutenberg, wanda aka fara a 1971, yana da littattafai sama da 70,000 da haƙƙinsu ya ƙare a Amurka, sai ku duba ko ya ƙare a ƙasarku ma. DOAJ, da aka kafa a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, kundi ne na mujallun bincike da ake karantawa kyauta, ɗaliban jami'a za su gode muku in kun koya musu shi. African Storybook da StoryWeaver suna da labaran yara masu hoto cikin harsuna da yawa ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ke ba da damar saukewa da bugawa da fassarawa muddin an ambaci masu aikin. Inda intanet ke yankewa, Kiwix yana ba ku damar sauke Wikipedia a kwamfuta ɗaya a riƙa karantawa ba tare da haɗi ba. Ku zaɓi ɗaya duk mako ku nuna yadda ake amfani da shi, mataki-mataki, da hotunan allo.

Mataki na tara: kundin littattafanku

Duk tallan da za ku yi, mai karatu yana so ne ya san ko kuna da littafi kaza. Koha manhaja ce ta tafiyar da laburare, kyauta, wadda aka ƙirƙira a New Zealand aka fara aiki da ita a 2000. Tana riƙe kundi da rajistar masu aro, tana ba jama'a shafin bincike, tana tura tunatarwa ta imel. Sai dai tana bukatar wanda ya iya girka ta da kula da ita. In ba ku kai nan ba, ku zuba sunan littafi, marubuci, fanni da lambar kanta a Google Sheets, ku buɗe shi don kallo kawai, ba tare da sunan mai aro ko ɗaya a ciki ba. Ku mayar da adireshin lambar QR ku manna a ƙofa da kan teburori.

Mataki na goma: ku bar jama'a su ba ku

Hanyar ba ta tafiya gefe ɗaya. A Janairun 2008 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya ɗora tsofaffin hotuna kusan 3,000 a shafin hotuna na Flickr, sai ga mutane suna gane wurare da fuskoki, suna ƙara bayanan da ma'aikatan ba su da su. Kowane laburare yana da irin wannan dukiyar a cikin kwali: tsofaffin hotuna, jaridu, takardun taro. Ku ɗora ɗaya da kuke da ikon ɗorawa, ku tambaya wa ya san wannan wuri. Dattawan da ba su taɓa tanka muku ba ma, za su yi magana ta bakin jikokinsu. Ku rubuta abin da aka faɗa, ku tantance, ku shigar da shi kundi. Haka shirin #1Lib1Ref da aka fara a 2016, inda ake roƙon kowane ma'aikacin laburare ya ƙara majiya ɗaya a wata maƙalar Wikipedia. Littattafan na kusa da ku, aikin minti goma sha biyar ne.

Ku riƙa kuma koya wa mutane tantance labari: su duba kwanan wata, su nemi asalin majiya, su bincika hoto da Google Lens don ganin ko tsoho ne aka sake yaɗawa. Ku kanku kada ku tura abin da ba ku bincika ba. In kun yi kuskure, ku gyara a fili.

Mataki na ƙarshe: aunawa da ajiya

Yawan masu danna alamar so ba shi ne ma'auni ba. Ku ƙirga abin da ya shafi aikin: tambayoyi nawa aka yi ta waya a wata, nawa aka amsa cikin lokaci, mutum nawa suka zo taro, katin aro nawa aka yi. A takardar rajista ku ƙara layi ɗaya: "A ina ka ji labarinmu?" Bayan wata uku ku zauna ku duba. Abin da ke kawo mutane ku ƙara shi, wanda ba ya kawowa ku sauke shi ba tare da jin nauyi ba.

Ku tuna kuma cewa a kafafen nan haya kuke, gidan ba naku ba ne. An rufe Google+, kafar sada zumunta ta Google, a 2019, da duk abin da mutane suka gina a ciki. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. Don haka asalin hotuna da bidiyo su zauna a kwamfutar laburare da wata ma'ajiya ta biyu, jerin waɗanda suka yarda a tuntuɓe su ya kasance a hannunku, kuma duk sanarwar da ta fita a waya a manna ta a allon bakin ƙofa don wanda ba shi da waya.

Idan wata rana ma'aikata suka ragu har ba mai iya kula da wani shafi, kada ku bar shi haka nan. Ku rubuta sanarwa ta ƙarshe ku maƙale ta a sama, ku faɗi cewa an daina duba saƙo a nan, ku ba da lambar waya da adireshi da lokutan aiki, sannan ku rufe hanyar aiko da saƙo.